Ranar da Aka Ce In Auna Kan Oga Hamman

Mantuwa ce sana'ata, da ita nake ci nake sha, amma akwai wata ranar Litinin da ta ƙi fita daga kaina, kuma ba na jin za ta fita. Tunda kun matsa sai kun ji yadda aka yi wannan ɗan ofishin namu ya kai yau ba a rufe shi ba, to ku gyara zama. Yawancinku sababbin likitoci ne da nas-nas, ba ku tarar da mutanen da zan ambata ba, saboda haka zan bi abin daki-daki.

Ni ce Dakta Kwanye. Iyayena daga duwatsun Michika suka sauko, a nan Mubi na girma, a nan kuma na yi kusan duk aikina, a wannan asibitin da ba sai na kama sunansa ba. Likitar cututtukan manya ce ni, wato irin likitocin da ba sa yanka, waɗanda 'yan tiyata ke ɗauka sun zo asibiti shan iska ne. Abin da nake bincike a kai shi ne halin da tunanin mutum ke shiga bayan ya sha doguwar jinya ko an yi masa tiyata, musamman tsofaffi.

Abin iri biyu ne. Akwai ruɗewar da ke zuwa nan take, cikin kwanakin farko: mutum ya kasa gane inda yake, ya riƙa ganin abin da babu, ya fizge robar ƙarin ruwa. Wannan takan wuce idan an kula. Akwai kuma wanda ke laɓewa. An sallami mutum, ciwo ya warke, amma watanni suna tafiya yana neman fartanyar da ke kafaɗarsa, in ana magana biyu a lokaci ɗaya sai duka su kuɓuce masa. Har yau ba mu gama sanin dalili ba. Ko maganin sa barci ne, ko zazzaɓi da ƙwayoyin cuta, ko kuwa dama kan ya fara gajiya, tiyatar ce ta tona asiri. Mai yiwuwa duk suna da hannu.

Yadda muke aikin ba wuya. Kafin a shiga da tsoho tiyata mu yi masa tambayoyi, bayan ya fito mu sake, in an kwana biyu mu hau babur mu bi shi gida, ko Wuro Patuji ne ko Vimtim, mu sake yi. Tambayoyin da muka gada daga ƙasashen waje suna cewa mutum ya zana fuskar agogo. Tsohon da tun yana yaro inuwar bishiya ke gaya masa azahar ta yi, in ka ba shi biro ka ce ya zana agogo, kai ne ya kamata a auna. Sai muka gyara su, muka koma tambayar ranakun kasuwanni da sunayen jikoki, cikin yaren da mutum ke faɗa da matarsa da shi, ko Fulfulde ko Kamwe ko Gude ko Hausa.

Hukumar asibiti ta ba ni cikakken goyon baya. Ta ba ni ɗakin ajiye karyayyun gadaje ya zama ofishina, ba tare da ta wahalar da kanta wajen kwashe gadajen ba.

A lokacin babban likitan tiyata shi ne Dakta Hamman, Bafulatani, gidansa na Nassarawo. Kowa Oga yake ce masa, har shugaban asibiti. Kada ku ji ina masa ba'a ku ɗauka ƙaramin mutum ne. Allah ya ba shi hannu. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka watse daga garin nan, yana cikin na farko da suka dawo, ya yi ta ɗinke mutane da hasken tocila lokacin da wasunmu ke Yola muna sauraron labari a rediyo. Rabin tsofaffin Mubi suna ɗauke da ɗinkinsa a ciki. Sai dai a wurinsa ɗan Adam daga wuya yake farawa ya yi ƙasa.

In muna zagayen duba marasa lafiya da safe, sai ya tsaya a bakin gado ya ce, "Kwanye, ɗinki ya kama?"

"Ya kama, Oga."

"Ya yi tusa?"

Ga waɗanda ba su sani ba, in an taɓa hanjin mutum, fitar iska ita ce alamar hanjin ya farka. Ɗan tiyata ya fi son jin ta fiye da kiɗan kalangu.

"Ya yi, Oga. Amma tun jiya yake kiran matarsa da sunan uwarsa, kuma ya ce awakinsa suna ƙarƙashin gado."

"To ki taya shi koro su mana. Ni ciki na buɗe, ban taɓa kansa ba. A sallame shi."

Shi ya raɗa mini suna Dakta Yau-Wace-Rana, sunan ya bi ni har wurin masu gadi.

Ashe Oga yana da gwaiwa. Ya daɗe yana ɓoye ta a ƙarƙashin babbar riga, don a ganinsa duk faɗin jihar nan babu wanda ya isa ya yanka shi sai shi, shi kuwa hannunsa ba ya kaiwa yadda yake so. Rannan da damina hanji ya sauko ya maƙale. Ya yi ta shan magani a gida yana cewa ƙwannafi ne, har wurin ya fara ruɓa. Da aka kawo shi ba ya iya miƙewa. Ƙaramin likitan da ke ƙarƙashinsa, Dakta Tizhe, shi ya yi aikin, yana yi gumi na ɗiga, kuma ya yi shi da kyau.

Bai fi kwana biyu da fitowa ba, da hantsi, aka tarar da Oga a ɗakin maza, ɗaure da zanen gado a ƙirji, jakar fitsarinsa a hannu kamar mai riƙe da jakar ofis, yana zagaye. Gado-gado yake bi yana cewa, "An sallame ka, tashi ka tafi. Kai ma an sallame ka." Ya sallami mai karyayyar ƙafa, ya sallami wanda aka fito da shi tiyata jiya, har wani bawan Allah da ya zo dubiya da kwanon kunu ya sallama. Nas-nas kuwa suna biye da shi suna cewa, "To, Oga." Wa zai ce a'a? Ba a taɓa yi ba.

Shugaban asibiti, Dakta Yerima, mutum ne mai son rufin asiri fiye da son lafiya. Nan da nan ya sa aka mayar da Oga ɗakin manya na can ƙarshe, aka saki labule, aka liƙa takarda a ƙofa cewa ba a shiga, aka cire masa tabarau don kada ya fasa, aka riƙa ba shi allurar barci duk sanda ya motsa. Wato duk abin da ilimi ya ce kada a yi wa mai ruɗewa, an yi masa shi cikin ladabi da girmamawa. Da talaka ne, da yana babban ɗaki kusa da taga, ga rana, ga 'yan uwa suna masa surutu, da ya fi saurin dawowa. Girma ne ya kusa kashe shi. Da na tambayi me aka rubuta a matsayin ciwonsa, aka ce gajiya.

Ba wanda ya kira ni. A baranda na tarar da matarsa, Hajiya Dija, zaune a tabarma da kwanukan abinci, an hana ta shiga. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ki gaya mini gaskiya. Hauka ne?"

Na ce, "Ba hauka ba ne, Goggo. Jikinsa ne ke yaƙi da ciwo, kan ya ruɗe. Yana bukatar haske, da tabaransa, da muryar da ya sani. Ke yake bukata fiye da allurar nan."

Ta dubi takardar da ke ƙofa, ta dube ni. "Wannan ce ta hana ni?"

"Ita ce."

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ɓalle takardar ta shimfiɗa a ƙasa ta ɗora kwanon miya a kai. Muka shiga. Na ɗage labule, ta sa masa tabarau, ta zauna a gefen gado tana masa magana da Fulfulde, tana gaya masa inda yake da abin da ya same shi, in ya manta ta sake faɗa. Na nemo Dakta Tizhe muka duba tare, muka ga zazzaɓi bai sauka ba, ya canza maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka dakatar da allurar barci. A hankali Oga ya fara dawowa. Ranar da na leƙa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya ba ki izinin shigowa nan?" na san an samu sauƙi.

Ya yi jinya a gida har ruwa ya ɗauke, sannan ya dawo aiki. Aka yi ta murna, kowa na cewa Oga ya dawo garau, har ya fi da. Ban san yadda tiyatar gwaiwa ke ƙara wa mutum basira ba, amma haka aka ce.

Ba a daɗe ba Sista Rahila, shugabar nas-nas ta ɗakin tiyata, ta shigo ofishina ta turo ƙofa. Mace ce da ba ta da tsegumi, shi ya sa da na ga fuskarta na ajiye abin da nake yi.

Ta ce, "Dakta, ni ban zo nan ba, ban kuma faɗa maki komai ba."

Na ce, "Ban ma gan ki ba."

Ta ce hannun Oga yana nan yadda yake, ba ya rawa. Amma in ana tsakiyar aiki wani ya yi masa magana, ko mai ba da maganin barci ya tambaye shi wani abu, in ya juyo sai ya tsaya yana kallon cikin da ya buɗe kamar na wani ne. Rannan ya fara rufewa bai ɗaure wata jijiya ba. Dakta Tizhe ne ya yi tari, Oga ya duba, ya gyara.

"Yanzu Dakta Tizhe ya zama mai tari," in ji ta. "A tiyata kawai yake kama shi. In ya fito ya warke."

Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Mu duka mun san akwai ranar da tari ba zai isa ba.

To, mu zo ga Litinin ɗin. Da safe na yi wa wata mata tambayoyinmu na kafin tiyata. Mama Saratu sunanta, daga Vimtim, mijinta ya rasu, da gonar gyaɗa take riƙe da jikoki. Maƙoƙo ne a wuyanta, ya girma har in ta kwanta numfashi na yi mata wuya. Ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, ta ce duk bikin da ba ta je ba, ba a yi biki ba. Washegari za a yi mata aiki. Aikin maƙoƙo ba wasa ba ne. Jijiyoyin jini sun kewaye wurin, kuma a bayansa akwai wata siririyar jijiya mai riƙe da murya, wadda dole likita ya nemo ta ya kauce mata. In ya yanke ta, muryar ta tafi, wani lokaci har numfashi ya taɓu.

Ta ce mini da Hausarta ta Vimtim, "Ni ba na tsoro, Dakta. Oga babba ne zai yi. An ce hannunsa ba ya kuskure."

Ina fitowa aka ce shugaba na nemana. Na tarar da shi da fara'a, har da sa a kawo mini lemo, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya yi mini bayani cewa ƙa'ida ce, in babban ma'aikaci ya yi doguwar jinya, sai wani likita ya tabbatar ya warke kafin ya koma cikakken aiki. An sha'afa ba a yi wa Oga ba, yanzu daga sama an tambaya. 'Yan tiyata duk yaransa ne, ba za su iya ba.

Ya ce, "Ke kuwa, Dakta, ai duk yankin nan babu masanin ƙwaƙwalwa kamarki."

Saura kaɗan in waiga in ga da wa yake. Shekara da shekaru ina cikin karyayyun gadaje, ashe ni masaniya ce ban sani ba.

Ya turo mini takarda da biro. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe zan duba shi?"

"Duba wa?"

"Oga."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. "Dakta Kwanye, Dakta Hamman za ki zaunar ki tambaye shi yau wace rana?"

"Daga nan ake farawa, ranka ya daɗe."

Ya jingina da kujera ya ce ba ya tilasta wa kowa. Kawai dai yana tuna mini cewa kwamitin da ke sabunta izinin bincikena zai zauna wata mai zuwa, kuma shi ne shugaban kwamitin. "Na ga mantuwa ta yi yawa a ɓangarenku, shi ya sa nake tunatarwa."

Na gode masa da tunatarwa, na bar masa lemonsa da takardarsa. Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Binciken nan shi ne duk abin da na tara a duniya, ga tsofaffin da muke bi gida-gida da ba mu gama da su ba. In aka soke izini, duk wahalar ta bi ruwa.

A asibiti labari ya fi motar ɗaukar marasa lafiya sauri. Bayan la'asar sai ga Oga da kansa a ƙofata. Bai taɓa taka ofishin ba. Ya duba hagu da dama, bai ga kujerar da ta dace da shi ba, ya zauna a bakin wani karyayyen gado.

"An ce kina son ki auna kaina. Ga shi na kawo. Yau Litinin, muna Mubi, sunana Hamman, sunan ubanki Vandi, ni na cire masa tsakuwa a mafitsara. Saura me?"

Na ce, "Ka ci wannan, Oga."

Na ba shi wasu 'yan kalmomi na ce ya riƙe, zan tambaye shi an jima. Ya maimaita su yana harara ta. Sannan na ce ya faɗa mini yadda zai yi aikin Mama Saratu gobe, daga yankan farko har ɗinkin ƙarshe. Nan fuskarsa ta saki. Ya fara zuba kamar mai karatun da ya haddace tun yana yaro, har da nuni da yatsu. Wallahi da ɗalibai na wurin da sun ƙaru. Da ya kai tsakiya sai na katse shi.

"Oga, mai ba da maganin barci ya ce jininta ya sauka. Me za a yi?"

Ya amsa daidai, ba gargada.

Na ce, "To ci gaba."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi yatsunsa da ke sama. Ya ce, "Ina muka tsaya?" Na bar shi ya nemo da kansa. Ya kama daga wani wuri can gaba, ya wuce har ƙarshe, bai ambaci neman jijiyar murya ba. Na ce mu sake, ko gajiya ce. Muka sake daga farko, na katse shi a wani wurin daban da wata tambayar daban. Wannan karon ya koma baya ya maimaita abin da ya riga ya gama, kuma bai lura ba. Da na tambayi kalmomin nan, ɗaya ya kawo, sauran ya ce ban ba shi ba.

Shi likita ne, ba ya bukatar in fassara masa.

Can ya ce, "A tiyata babu wanda ya isa ya katse ni."

Na ce, "Jini ya isa, Oga. Ba ya neman izini."

Na gaya masa abin da na sani da wanda ban sani ba. Ba hauka ba ne, ba kuma lallai ne ya zama irin mantuwar tsufa da ba ta komawa ba. Mutane da yawa suna samun sauƙi in an ba su watanni. Iliminsa yana nan, hannunsa yana nan, riƙe zaren aiki in an ja hankalinsa ne ya yi rauni. Na ce mu sake aunawa nan gaba, amma yanzu ba zan sa hannu ya riƙe wuƙa a babban aiki ba.

Ya miƙe. "Yarinya, kina makarantar firamare nake buɗe ciki."

"Na sani, Oga. Shi ya sa ban aika maka da takarda ba, nake faɗa maka baki da baki."

Ya fita bai rufe ƙofa ba. Na rubuta abin da na gani na kai wa shugaba. Ya karanta, ya sa a aljihun tebur, ya ce zai duba bayan aikin gobe, kada a tayar wa Oga da hankali ana gab da babban aiki. Wato a bari a yi abin da takardar ta hana, sannan a karanta ta da kyau. Na je wurin Dakta Tizhe, ya ce, "Anti, ni me zan yi? In ya ce miƙo wuƙa, miƙawa zan yi."

Da safiyar Talata na tafi ɗakin tiyata, inda ba ni da aikin komai. Na riga na yanke shawara: in Oga ya nufi ɗaukar wuƙa, zan fita in gaya wa 'ya'yan Mama Saratu abin da na sani kafin a sa ta barci, su zaɓa da kansu, in ya so a kore ni. Na tsaya a bakin ƙofa. Ga Oga yana wanke hannu. Ya daɗe yana wankewa, har Sista Rahila ta fara satar kallona. Ya gan ni sarai, ya yi kamar bango ne.

Sai ya juya ya daka tsawa. "Tizhe!"

"Na'am, Oga."

"Har yaushe za ka riƙa cin albashin gwamnati kana kallona kamar talabijin? Yau kai za ka yi maƙoƙon nan. Ni zan tsaya in ga abin kunya da idona."

Haka aka yi. Dakta Tizhe ya riƙe wuƙa, Oga ya tsaya a ɗaya gefen yana riƙe masa ƙarfen buɗe wuri, aikin da ake ba ɗalibi. Sista ta ce daga farko har ƙarshe zaginsa yake yi, wai yana ɗinki kamar mai gyaran buhu. Amma da aka zo wurin jijiyar, ya daina zagin, suka sunkuya tare har suka gan ta, ya ce a hankali, "Ga ta nan. Bi ta gefe." Mama Saratu ta farka lafiya. Muryarta ta ɗan dishe na 'yan kwanaki, sannan ta washe.

Kafin mako ya ƙare shugaba ya fitar da sanarwa, yana yaba wa hangen nesan hukumar asibiti da ta ƙirƙiro sabon tsarin horar da ƙananan likitocin tiyata a ƙarƙashin Dakta Hamman. Izinina kuwa aka sabunta shi ba gardama, don soke shi na bukatar a rubuta dalili, dalilin kuwa ba mai son ganinsa a rubuce.

Oga ya daina amsa gaisuwata har tsawon wani lokaci. Rannan da rana sai ga shi ya shigo, wai ya zo duba ko akwai gadon da zai gyaru. Ya taɓa wannan, ya girgiza wancan, ya zauna. Ya ce in yi masa tambayoyin nan nawa na banza, tunda ya riga ya zo. Da muka gama bai tashi ba.

Ya ce, "Ranar nan da na yi zagaye da zanen gado. Na san ana dariya."

Gaskiyarsa, don ni ma na yi.

"Ina tuna komai. A ganina mutanen nan ne suka sake shigowa gari. Ina jin harbi a bakin ƙofar asibiti. Na ga marasa lafiya kwance ba wanda ya gaya musu. Na san in na ce su gudu za a yi turmutsitsi, shi ya sa na ce an sallame su, don su fita a hankali." Ya cire tabarau ya goge. "Da suka kulle ni a ɗakin nan mai duhu, na ɗauka kama ni aka yi. Duk wanda ya shigo da allura, sai in yi kalmar shahada."

Mu muna auna abin da tsofaffi suka manta, shi kuwa ya kawo mini abin da suke tunawa suna jin kunyar faɗa. Daga ranar muka ƙara tambaya ɗaya a aikinmu: me ka gani a kwanakin nan? Abin da muka ji daga bakin manoma da makiyaya ya isa a yi wani zaman daban. Akwai wanda abin da ya gani ya sa ya ƙi sake taka asibiti har ya mutu, ana cewa taurin kai ne.

Kan Oga ya yi sauƙi sosai, amma bai koma kamar da ba. Ya ci gaba da ƙananan ayyuka, Dakta Tizhe na gefensa. Manyan kuwa bai sake riƙe wuƙarsu ba har ya yi ritaya, kuma bai taɓa faɗin dalili ba, ba a kuma tambaye shi ba. Shi ya kafa dokar cewa duk tsohon da za a yi wa tiyata a fara turo mini shi, a bar wani nasa ya zauna da shi, a ɗage labule, kada a yi saurin ba shi allurar barci. A taron likitoci ya ce shi dama tun fil azal ra'ayinsa ke nan. Na gyaɗa kai tare da kowa.

Da shekara ta zagayo aka cire gyaɗa, Mama Saratu ta hau babur daga Vimtim da ƙullinta, ta zo gode wa Oga babba da ya yi mata aiki. A gaban Dakta Tizhe ta durƙusa wa Oga ta ce dama an gaya mata hannunsa ba ya kuskure. Oga ya karɓi gyaɗar da hannu biyu, ya sa mata albarka, ya ce ta riƙa shan magani a kan lokaci. Ko ƙwaya bai ba Tizhe ba.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. A aikin nan ba a rasa masu ganin gaskiya, kowa a ɗakin tiyatar nan ya gani kafin ni. Abin da ake rasawa shi ne wanda zai faɗe ta a gaban mai ita, tun ba a kwantar da wani a kan tebur ba. Ku auna kowa da mudu ɗaya, ko manomi ne ko wanda ya koya muku riƙe allura, ku faɗa masa shi kaɗai, sannan ku matsa ku ba shi hanyar da zai fita da hularsa a kai. In ya ɗauki gaskiyar taku ya ce tasa ce, ku bar masa, ba gado ba ce. Wanda ke son a ce masa ya yi daidai, ya nemi wata sana'ar tun da sauran ƙuruciya. Mama Saratu tana can tana ba da waƙa a duk bikin da aka yi a Vimtim, ba ta san an taɓa yin wata Litinin a kanta ba, kuma kada wanda ya je ya gaya mata.